Tsumman da ke Cikin Amfilifayar Thomas

"Ƙara murɗawa," in ji Malama Margaret.

Cosmas ya murɗa maɓallin eko, mai ƙara wa sauti amo, zuwa huɗu. Amfilifayar ta fara gurnani. Da ya kai shida sai ta saki wani ihu mai tsini, har mai sayar da kaset a shagon gaba ya leƙo yana toshe kunne.

"Kin ji ko, Mama Ticha? Bawul ne, kwalbar nan ta ciki. Ya tsufa. Zan sa ɗan'uwana ya aiko daga Onica, sati biyu."

"Auren gobe ne, Cosmas."

"To a yi ba eko. Jita za ta yi magana haka nan."

Margaret ta san jitar za ta yi magana, amma a bushe. Abu ɗaya 'yarta Edith ta roƙa a duk hidimar aurenta: idan za ta shiga coci, a kaɗa jita ta amfilifayar babanta, da wannan amon da ke sa ƙaramin cocinsu na Wulari ya zama kamar mai faɗin filin ƙwallo. Thomas, mijin Margaret, ya yi shekara uku a ƙasa. Akawu ne a sakatariya, ya sayi amfilifayar a hannun wani malamin mishan a 1971, kuma bai taɓa yarda kowa ya buɗe bayanta ba.

Tun ranar Laraba ake ba Margaret bayani. Shugaban mawaƙa ya ce wuta ce ba ta da ƙarfi. Wata dattijuwa a Zumuntar Mata ta ja ta gefe ta ce kayan mamaci ba sa son hannun wani, a bar shi ya huta. Margaret ta yi shekara ashirin da biyu tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, ta kuma lura cewa mamata ba sa damuwa da rediyo ko keken ɗinki, sai abin da masu rai suka kasa gyarawa.

"Bawul nawa ke ciki irin wannan?" ta tambaya.

"Ƙananan? Huɗu. Uku iri ɗaya ne."

"Kashe. Zare wayar daga bango. In sun huce, ka musanya wanda kake zargi da ɗan'uwansa."

"Mama, ni ne mai gyara ko ke?"

"Kai ne. Ni ɗaliba ce mai yawan tambaya. In bawul ne ke da ciwo, ai ciwon zai canza in ya canza gida."

Ya yi tsaki yana dariya, ya naɗe hannu da ƙyalle ya musanya su. Suka jira kwalaben suka yi ja. Ya murɗa eko. Gurnanin nan dai, bai ƙaru ba, bai ragu ba.

Cosmas ya sosa ƙeya. "To waya ce."

Ya zare wayoyi biyun da ke sauka ƙasa, ya kankare bakinsu da reza har suka yi haske, ya mayar. Gurnani ya ɗan lafa, amma yana nan.

Margaret ta sa tabarau ta sunkuya. A can ƙasan akwatin akwai wani dogon gwangwani mai faɗin tafin hannu, inda sifirin, siraran murɗaɗɗun wayoyi, ke rawa su ba da amon. Yana zaune a kan sabon katako fari, an ɗaure shi tam da kusoshi huɗu. Katakon aikin Pindar ne, ƙanen Thomas, kafinta. Sati biyu da suka wuce ya ga gara ta ci ƙasan akwatin, ya ɗauka ya gyara, gudunmawarsa ta aure.

"Kwance shi," ta ce. "Ka fito da shi waje, wayoyin na jiki."

Da Cosmas ya janye gwangwanin kamu ɗaya daga akwatin, gurnanin ya mutu. Ya matsar da shi ciki, ya dawo. Ya juya shi, kai ya koma ƙafa, ya sake sawa. Shiru.

"Chineke, Allahna," in ji Cosmas a hankali. "Bakin da ke fitar da murya ne aka kai ƙarƙashin taransifoma. Yana shan ƙugin wuta."

Shagon Pindar bai da nisa da Kasuwar Kwastam. Cosmas ya tafi da babur ya ɗauko shi, fensir a bayan kunne, garin katako a gira.

"Uwargida, an ce na ɓata miki aure."

"Mijin banza, wa ya ce ka juya gwangwanin?"

"Rubutun jikinsa ne na gani yana kallon bango. Ya za a yi rubutu ya ba mutane baya? Kuma yaya, Allah ya ba shi hutawa, bai iya aiki ba. Abu na lilo a cikin tsumma, ko kusa ɗaya babu. Ni ba na barin abu na motsi a aikina."

"Shi ya sa yake ihu," in ji Cosmas. "Lasifika na girgiza katako, katako na girgiza sifirin. Dole ya kwanta a kan abu mai laushi. Ina tsumman?"

"Yana gida. Matata Agnes ta ɗauke."

Rabon Margaret da shiga ɗakin Agnes tun 1974, shekarar da suke haya gida ɗaya, zanenta na aure ya ɓace daga igiyar shanya. Ba ta taɓa cewa Agnes ta ɗauka ba. Ta dai ce a gaban mata, su biyu ne kawai ke shanya a gidan. Tun daga ranar sai gaisuwar coci. A tsarin gobe ma ta sa Agnes a wajen tukwane, bayan gida.

Cosmas ya ce kowane tsohon bargo zai yi. Margaret ta ce a'a, wanda Thomas ya sa take so, shi ne ya san kaurinsa. Ta hau tasi zuwa Bulabulin, unguwar su Agnes, da rana tsaka.

Agnes na tsince shinkafa a tsakar gida. Ta amsa sallama, ta ba ta kujera, ta kawo ruwa. Da Margaret ta faɗi abin da ya kawo ta, Agnes ta shiga ɗaki ta fito da abu a ninke, wankakke, an goge shi. Shuɗi ne mai zanen tsuntsaye. Ya koɗe, akwai tabon tsatsa dogo a tsakiya, gara ta ci gefe ɗaya. Margaret ta gane ɗinkin bakinsa, don da hannunta ta yi shi.

"Sati biyu ke nan yana akwatina," in ji Agnes. "Na ce ba zan aika ba. Wadda ta yi cigiya ita za ta zo ta karɓa."

Margaret ta riƙe zanen a cinya. Ta tuna Thomas yana taya ta nema har ƙarƙashin gado.

"Bai taɓa faɗa mini ba."

"Shi Yaya Thomas ɗin? Bayan ya ji abin da kika faɗa a gaban mata? Ko ni ce shi, da na yi shiru."

Kaza ta zo ta tsaya kusa da tiren shinkafa, Agnes ta kore ta da ƙafa.

Da la'asar Cosmas ya naɗe gwangwanin a zanen, ya kwantar da shi yadda yake a da, rubutu na kallon bango. Ya murɗa eko zuwa bakwai, ya taɓa igiyar jita ɗaya. Sautin ya tashi, ya yi nisa, ya sauka a hankali, babu gurnani a ƙarƙashinsa.

"Amma Mama, zane mai kyau haka? In nemo miki bargo ki tafi da abinki?"

"Bar shi. Ya fi daɗewa a nan fiye da a jikina."

Pindar ya ɗaga amfilifayar zai kai mota. Ta tsayar da shi a bakin shago.

"Ka ce wa Agnes ta bar tukwanen nan, akwai masu yi. Ta zo gidana gobe ƙarfe bakwai. Ita za ta ɗaura wa Edith ɗankwali."

"In ta ce ba ta zuwa fa?"

Margaret ta cire tabarau ta sa a jaka.

"To kai amfilifayar coci kai kaɗai. Ni zan koma Bulabulin."