Ranar Rabon Hatimai

Da ƙyar Goggo ta samu wurin zama a ɗakin, sai da Auta ta kwashe ƙunshin ambulan daga kan kujera. Dama ɗakin ba na baƙi ba ne. Dogon tebur ya cinye rabinsa, kanta biyu sun cinye saura, shaƙe da takardu masu zane: mai ɗigo-ɗigo, mai ratsi, mai ƙananan taurari, da wata mai ruwan zinariya da Yaya ta hana kowa taɓawa har gefenta ya fara dafewa. Igiya ta ratsa daga taga zuwa ƙofa, inda ake shanya katin da tawadarsa ba ta bushe ba. A nan 'yan'uwan biyu suka shekara da shekaru suna yin katin gaisuwa da hannu, na barka da haihuwa, na sannu da jiki, na godiya. A nan kuma yau za su raba gari, shi ya sa aka ɗauko ƙanwar mahaifinsu ta zama shaida.

Yadda aikin yake, Yaya ce mai sassaƙa. Takan zana fure ko tsuntsu a kan roba, ta bi shi da 'yar wuƙa, ta liƙa a jikin katako, ya zama hatimi. Duk abin da ya rage na Auta ne: yankan takarda, ninki, liƙa mai zane a kan fara, shafa tawada, bugawa. Idan an gama sai Yaya ta juya katin ta buga ɗan tambarinta a baya. Da haka unguwa ta san Yaya da Mai Kati, Auta kuwa, mace da 'ya'yanta har da mai zuwa sakandare, ta zama "wadda ke taya ta". Ta haɗiye wannan har ranar da shugabar wata makaranta ta zo neman katin godiya ga malamanta, Yaya na kan waya ta nuna Auta da baki ta ce, "Ki bar wa yarinyar nan saƙon." To, an bar mata. Auta ta raka matar har bakin titi, ta shaida mata cewa ita ma ta buɗe nata wurin a gida, aikin ya dawo hannunta.

Matar ta yarda, amma da sharaɗi: katin reshe take so, shi ta gani a wurin ƙawarta. Katin nan shi ne fuskar shagon, kuma hatimai uku ke yin sa. A fara buga reshe da ruwan ƙasa, a bi shi da ganye kore, sannan fure ja ya zauna a bakin kowane tsinke. Ɗaya ba ya aiki sai da sauran. Auta ta riga ta yi alkawari, ta gyara lungun falonta, ta sa mijinta ya haɗa mata tebur. Idan ta fita ɗakin nan ba tare da hatiman reshe ba, aikinta na farko ya mutu tun bai tashi ba, kuma Yaya za ta ji labari kafin kowa.

"To ku fara, ni ƙafata ba ta son zama," in ji Goggo. "Kuma ban zo jin tsiya ba."

"Ai tsiyar an gama yin ta a bakin titi," in ji Yaya, ba ta ko ɗago ba.

Auta ta yi kamar ba da ita ake ba. Ta sha alwashin yau ba za ta biye wa Yaya ba, abu ɗaya ya kawo ta.

Aka fara da takardu. Auta ta ɗauki mai ɗigo-ɗigo, Yaya ta ɗauki mai ratsi. Da aka zo kan mai ruwan zinariya Auta ta ce a bar wa Yaya, ita ba ta so, don dai a wuce wurin. Yaya ta ce a'a, ba ta cin haƙƙin kowa, ta sa almakashi ta raba kowane falle biyu, yadda ko rabi ɗaya ba zai rufe fuskar kati ba. Goggo ta dube ta, ta dubi tarin, ta ce, "Allah ya shirye ki." Injin yanka ya tafi wurin Auta, sai Yaya ta ɗauke dogon rula na ƙarfe da ake aiki da shi tare da injin. Haka aka yi ta yi, kowa na ɗaukar abin da zai fi ƙona ran ɗan'uwansa. Har gam sai da aka tsiyaya shi a kwalba biyu.

Sannan Yaya ta jawo akwatin hatimai ta zazzage a kan tebur. Sun yi tuli, katakonsu duk ya yi baƙi da shafar hannu. Goggo ta yanke hukunci: ɗaya-ɗaya za a ɗauka, babba ta fara. Auta ta amince nan take, don ta yi lissafinta tun a gida. Hatiman reshe kullum a ɗaure suke da roba guda, abu ɗaya ake ɗaukarsu. Ta tabbata Yaya za ta fara da tambarinta na baya, wanda take ji da shi kamar ranta, ita kuma sai ta miƙa hannu ta ɗauke ƙunshin.

Yaya ta miƙa hannu, ta tsallake tambarin, ta ɗauki ƙunshin reshe. Ta zare robar a hankali ta sa a wuyan hannunta, ta zaɓi ganye ta ajiye a gabanta, ta mayar da biyun cikin tuli.

"Na ɗauki nawa. Saura ke."

"Yaya, waɗannan ai ba a raba su."

"Goggo ta ce ɗaya-ɗaya. Ko ba ki iya ƙirga ba ne?"

"Goggo, abu ɗaya ne fa. Ganye ba ya zama sai da reshe."

Goggo, wadda a wurinta duk katako katako ne, ta ce, "Ni dai uku nake gani. Ɗauki mu tafi."

Auta ta ɗauki fure. Yaya ta ɗauki reshe tun hannun Auta bai koma ba. Shi ke nan, biyu a can, ɗaya a nan. Sauran rabon Auta ba ta san yadda aka yi shi ba. Tana ta ɗauka dai, tsuntsu, tauraro, kwale-kwale, idonta na kan guda biyun da Yaya ta jera a gabanta tana juya su da yatsa. Da tebur ya zama wayam, sai ta haɗiye girman kanta, abin da ya fi komai yi mata ɗaci, ta turo akwatinta gaba ɗaya.

"Ki ɗauki duk abin da kike so a nan. Ki haɗa da injin. Ki ba ni biyun nan."

"Me zan yi da tarkacen da ni na sassaƙa?"

"To me za ki yi da reshe da ganye babu fure?"

Yaya ta yi dariya, irin wadda take yi wa mai saye idan ya yi tayin banza. "Fure? Kafin ki kai gida na sassaƙa wani. Ke ce za ki zauna da jajayen ɗigo kamar an watsa wa takarda jini. Ki kai wa shugabar makarantar taki, ki ce sabon yayi ne. Shekara nawa ina cewa ki koyi riƙe wuƙa, kina cewa wuyanki na ciwo? Mai bugawa ai ko'ina akwai, Auta. Yaro ma idan aka nuna masa zai buga."

Ƙarya ce, kuma Yaya ta san ƙarya ce. Zaunar da fure a bakin tsinke, kati bayan kati, ba tare da ya goce ko da kaurin gashi ba, Yaya ba ta taɓa iyawa ba, nata kullum furen na shawagi a iska. Amma ba wannan ne ya zo bakin Auta ba. Wani abu ne daban, wanda ta daɗe tana riƙe da shi, ko mijinta ba ta gaya wa ba. Ta lura Yaya ta daina sabon hatimi, kullum da uzurin robar yanzu ba ta da kyau. Ta lura ta koma riƙe kofin shayi da hannu biyu. Ta taɓa shigowa ta same ta ta danne hannun dama da na hagu a kan cinya, sai ta koma da baya ta yi tari a ƙofa kafin ta sake shiga. Ta rufa mata asiri ba tare da an roƙe ta ba, don ko ba komai ciki ɗaya suka fito. Yau kam ta ji tausayin ya ƙare ƙaf.

Ta buɗe aljihun tebur, ta ciro sabuwar roba da fensir da 'yar wuƙar, ta ajiye a gaban Yaya.

"Bismillah. Sassaƙa mu gani."

"Ba ki isa ki sa ni aiki ba."

"Ba sai fure duka ba. Kunne ɗaya na furen ya isa. Goggo ba ta taɓa ganin kina yi ba, ko Goggo?"

"Ke Auta, bari," in ji Goggo, don ta fara jin maganar ta canja launi.

"A'a, ai Mai Kati ce. Kafin in kai gida ta ce. Ni zan ma jira a nan."

Yaya ta dube ta, kallon da ya nuna ta gane Auta ta sani, kuma ta daɗe da sani. Da ta ture robar ta tashi, da an ce fushi ne. Amma Yaya ba ta iya ja da baya ba, ba ta taɓa koya ba. Ta zauna, ta gyara tabarau, ta ɗauki fensir. Tun a zanen layin ya fito kamar an bi hanya mai gargada. Ta ɗauki wuƙar. Bakin wuƙar ya tsaya a saman robar yana karkarwa, ƙarfen na ɗan ƙyalli da hasken taga, kowa na gani. Ta danne wuyan hannun da ɗaya hannun ta soka. Wuƙar ta tafi daidai na ɗan lokaci, sai ta zille ta yanke kunnen furen biyu, ta kafe a katakon tebur.

Goggo ta dafe ƙirji. "Ke, tun yaushe? Kin je asibiti?"

Yaya ta zare wuƙar daga tebur, tana kallon hannunta kamar na wani.

Auta ta jira ta ji daɗi, ta ji shi kuwa, ba za ta yi ƙarya ba, wani daɗi mai zafi da ya hau mata har wuya. Sai dai kunya ta biyo shi a guje. Ta sassauta murya, a ganinta sulhu take nema.

"Kin gani ko, Yaya. Ba za ki iya wani ba, ni ma ba zan iya ba. Guda ɗaya ne a duniya. Ki ba ni su in yi aikin nan, duk ranar da kike so sai in buga miki."

"Ki buga mini," Yaya ta maimaita.

"Ko ki aiko a karɓa."

"In aiko wurinki."

Yaya ta jawo hatimin ganye gabanta, ta juya shi robar na sama. Shi ne mafi wuya a cikin ukun, kowane ganye da jijiyoyinsa sirara, aikin da ta yi lokacin da hannunta ke jin maganarta. Ta shafa shi da babban yatsa. Auta ta ɗauka miƙo mata za ta yi, har ta fara ɗaga hannu. Yaya ta dunƙule wuƙar a tafinta kamar mai yankan igiya, ta ja ta daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta sake ja ta ɗaya gefen. Robar ta buɗe fara tas a ƙarƙashin koren tawada.

"Wannan kam hannuna yana iyawa," ta ce.

"La ilaha illallahu," in ji Goggo a hankali. "Kanki kika yi wa, 'yar nan."

Yaya ta jawo reshen. Auta ta kai hannu ta riƙe mata wuyan hannu, ta ji yadda yake rawa a cikin nata kamar ɗan tsuntsu, ta ji ƙasusuwan sun fito fiye da yadda ta sani. Rabon da ta taɓa jikin yayarta har ta manta.

"Sake ni."

Ta sake ta. Yaya ba ta yanka reshen ba, babu ma buƙata. Ta haɗa shi da yankakken ganyen, ta zare robar daga wuyan hannunta, ta yi ta fama kafin ta iya ɗaure su, ba wanda ya taya ta. Ta jefa su cikin akwatin Auta, a kan furen.

"Ga su nan, sun cika uku. Ki rufe mini ƙofa idan kin fita."

Auta ta ɗauki akwatin ta ɗora a kan injin yanka, ta rungumo su da ƙyar. Goggo na kiranta ta tsaya a yi magana, ba ta tsaya ba. A bakin titi ta ajiye kayan tana jiran abin hawa, wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Shugabar makarantar ce, tana tambaya ko za ta iya turo direba gobe ya karɓo samfuri ɗaya ta nuna wa mataimakinta. Auta ta waiwaya. Ta tagar shagon tana hango Yaya a zaune inda ta bar ta, Goggo ta kama mata hannun dama ta riƙe da nata biyun.

"Kina ji na kuwa?" in ji matar.

"Ina ji, ranki ya daɗe," in ji Auta. "Katin reshen ne babu. Ba za a ƙara yin sa ba."