Hadari da Haɗari

Gambo ya zo hutu daga birnin Madani, inda yake karatun iska da yanayi. Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa. Da la'asar ya hango sama ta yi baƙi ƙirin ta kudu, ya ruga gida don a kwashe riɗin da aka shanya.

"Inna, haɗari! Babba, bisa hanyar Sinnar!"

Inna ta zube tana salati, don motar Sinnar mijinta ya shiga da safe. Maƙwabta suka cika gidan da kuka. Kafin Gambo ya gane haɗari ya ce maimakon hadari, ruwa ya jiƙe riɗin sharkaf.

"Ya walad, kai yaro," in ji Inna, tana share hawaye, "girgije kaka nufi?"

Gambo ya kasa ɗaga kai.