Soso a Saman Babbar Taya

"Yau ko ka faɗa mata, ko ni in faɗa mata," in ji Yaya, yana goge giris a jikin wandonsa. "Kuma ka san ni, a gaban jama'a zan faɗa."

"Yaya, don Allah rage murya."

"In rage me? Tun bara bakinka yake a ɗaure. Ko sifana zan ɗauko in kwance shi?"

Injiniya, kamar yadda kowa ke kiransa a wurin shaƙatawar da yake aiki, ya duƙar da kai yana murza notin da ya riga ya ɗauru. Shi da yayansa ke kula da Babbar Taya, lilon nan mai kejuna da ke ɗaga mutum sama har ya hango ƙarshen gari. Ta daɗe a tsaye tana tsatsa, sai da wani kamfanin katifa ya ɗauki nauyinta sannan ta farfaɗo. An shafe ta da fenti shuɗi da fari, an lulluɓe kujerun da soso, an kafa sunan kamfanin da fitilu a tsakiya, kowane keji kuma an sa masa lasifika da abin magana. Yau za a gwada ta, gobe a buɗe. Ma'aikata sai kai da kawowa suke da balan-balan, kowa baki har kunne.

Injiniya kaɗai ne ba ya murna. Kamfanin da ya tayar masa da tayarsa shi ne kuma zai ɗauke masa 'Yar Taga, yarinyar da ke sayar da tikiti ta ƙaramar tagar bakin ƙofa. Manajan tallan kamfanin ya ji yadda take cewa "na gaba" da muryar da ke sa mutum ya manta da tsawon layi, nan take ya yi mata tayin aiki a babban ofishinsu, can wani gari mai nisa. Yau bayan gwaji za ta ba shi amsa. Ita kuwa ba ta san cewa akwai wanda ke zagayowa ta gaban tagarta da sunan neman notin da bai ɓata ba. Injiniya yana magana da kowa tiryan-tiryan, amma da ta ɗago ido ta dube shi, i'inar da ya rabu da ita tun yana firamare sai ta dawo masa sabuwa fil.

Manajan ya iso da mai hoto, yana tafa hannu. "Ina son mutum biyu su hau, masu fara'a, a ɗauke su."

"Ga su nan, yallaɓai," Yaya ya ce tun kafin kowa ya motsa. "Ƙanena ya san injin, 'Yar Taga kuma ta san fara'a."

Kafin Injiniya ya samu bakin musu, har an rufe musu ƙofar keji. Taya ta yi ƙara ta fara tashi. Rufin rumfuna ya koma ƙasa, motocin wasa suka zama kamar ƙwari masu launi, iska ta kama gefen gyalenta tana wasa da shi. 'Yar Taga ta riƙe ƙarfe da hannu biyu tana dariya.

"Ashe haka garin nan yake da kyau? Kullum ina aika mutane kan lilo iri-iri, ni ban taɓa hawa ba. Injiniya, ka tabbata ka ɗaure komai?"

Ya gyaɗa kai. Komai ya ɗaure ban da zuciyarsa, da ke dukan ƙirjinsa kamar za ta ɓalle ta faɗo.

Da suka kai ƙololuwa taya ta tsaya cak. Haka kamfanin ya tsara, a tsaya a sama a ji talla. Wata murya mai zaƙi ta fito daga lasifika tana cewa katifarsu soso ce zalla, kwanta ka manta da gajiya. Sannan aka yi shiru. Daga su sai sararin sama da wasu tsuntsaye da ke wucewa ta ƙasansu.

Ya ja numfashi. In ya bar wannan tsayuwar ta wuce, shi ke nan.

"Ina... ina so... so... so..."

Ta danna kujerar da yatsa. "Soso? Ai kam yana da laushi. Ba su yi ƙarya ba."

"A'a, ina so... so..."

"To ka tambayi manaja mana, ƙila ya ba ka ragowa."

Sai lasifikar ta yi ƙarar shaƙewa, muryar manajan ta cika kejin. "Wane ne wannan? Malam, maimaita. 'Ina so, so, soso.' Kai, wannan ai shi ne tallan da muke ta nema. Yara za su haddace shi a rana ɗaya."

Injiniya ya leƙa ƙasa. Duk ma'aikata sun ɗaga kai suna kallonsu, mai shara ya jingina da tsintsiyarsa, Yaya kuwa yana gaban na'ura yana kallon gefe kamar ba shi ya haɗa abin maganar da manyan lasifikun fili ba. Kunya ta taso masa tun daga tafin ƙafa. A bayanta kuma wani abu mai zafi ya biyo. Sun yi wa tayarsa fenti, sun rubuta sunansu a kai, za su tafi da ita, yanzu kuma kalmar da ya shekara yana goyo ita ma za su liƙa a jikin katifa?

Ya janyo abin maganar.

"Yallaɓai, ba katifa nake nufi ba." Ko harafi ɗaya bai sarƙe ba. "Ita nake so. Tun ranar da aka zaunar da ita a tagar can nake son ta, kuma in ta tafi, ban san wa zan riƙa zagayowa gani ba."

Fili ya ɗauki sowa da tafi. Wani ya buga ƙahon motar wasa. 'Yar Taga ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa, ya kasa gane dariya ce ko kuka.

"Ashe duk notin da kake nema a gaban tagata..." ta ce a hankali.

"Babu wanda ya ɓata."

Manajan ya yi gyaran murya, shi ma da dariya a bakinsa. "To, madalla. Amma 'yata, kujerarki tana jira a ofis. Me zan gaya musu?"

Ta sauke gyalen, idanunta jiƙe suna walƙiya. Ta karɓi abin maganar daga hannun Injiniya, yatsunta suka taɓa nasa.

"Yallaɓai, na gode ƙwarai, amma ku ba wata kujerar, ina nan. Yaya, kai kuma kashe mana lasifikar nan, kuma kar ka sauke mu sai ya gama maganarsa."