Makiyayar da Aka Binne Saniya

Takardar bursu, wato tallafin karatu, ta yi mako uku a aljihun Sambo har gumi ya fara cin hatiminta. Gwamnati ta zaɓe shi ya je Jamus ya koyi likitancin dabbobi, motar Yamai za ta tashi ran Alhamis, amma mahaifinsa Rabo, makiyayi a Kiéché, ya hana shi albarka. Sambo kuwa, duk bokonsa, ba zai taka mota babu ita ba.

"Ba a kai garke makiyayar da ba a tambayi mi yam mutu cikinta ba," in ji tsohon. "Tai ka tambayo."

Sambo ya aro littafi a lakwal, makarantar boko ta Dogon Dutsi, ya kwana biyu kansa. Ya dawo da labarin shugaban Jamus da ya rufe bakin kowa, ya ƙone littattafai, ya hallaka miliyoyi.

"Amma Baffa, shekara goma sha takwas ke nan da mutuwarsa. An gama!"

"Saniyar da ciwon saifa yak kashe, in an binne ta, nan ciyawa ka fin kyau. Kai da za ka zama likita, ka taɓa kiwo wurin?"

Haushi ya turnuƙe Sambo. Mutumin da bai san bihim ba, shi ke gyara wa mai takarda karatu! Ya haɗiye, don tsohon ya ƙara ɗora masa wani aiki: ya je Kore Mairuwa ya ga Mani, tsohon sojan Faransa da Jamusawa suka taɓa kamawa a lokacin yaƙi.

Ranar Laraba ya tarar da Mani a rumfarsa yana tufkar igiya.

"Sarkin nasu ban taɓa ganinai ba, ɗana," in ji Mani. "Wanda nig gani wani saurayi na mai tabarau, mai sanyin murya. Da sunka ware mu baƙaƙe gefe guda, shi ka buɗe bakinmu yana duba haƙora, kamar yadda ubanka ka duba bijimi ran kasuwa. Likita na, an ce. Ya yi karatu ƙwarai."

"Ina yake yanzu?"

"Wa yas sani? In yana da rai bai wuce hamsin ba." Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "Malamanku can, shekarunsu nawa?"

Sambo ya koma gida da la'asar, ya zauna gefen turke. Rabo ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗora masa hannu a ka.

"Yanzu kana iya tahiya. Allah shi kiyaye."

Albarkar da ya yi mako uku yana nema ta samu. Da safe direba ya yi ta danna oda a tasha, Sambo na tsaye da akwatinsa a hannu, ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa.