Dabaibayin Ilinka

Laifin waya ne tun farko. Da Rodika ba ta buɗe baki daga can Italiya ta ce, "Mama, don Allah kar ki bari yarinyar nan ta fara tafiya sai na zo" ba, da abin bai kai haka ba. Da wasa ta faɗa, har da dariya. Amma Profira ce ta haife ta, ta san irin dariyar da 'yarta ke yi idan kuka ya kusa.

Ilinka ko zama ba ta fara ba lokacin da uwarta ta koma aikin jinyar wata tsohuwa a ƙasar mutane, ta bar ta da yayanta Sandu a hannun kakarsu. Haƙorin farko a waya Rodika ta gan shi, rarrafe ma haka. Sai Profira ta ci alwashin wannan ɗaya dai, wato tafiyar, da idonta Rodika za ta gani. Duk sanda yarinyar ta dafa kujera ta miƙe, ta saki hannu tana tangaɗi, sai kakar ta sure ta ta rungume. Bayanta ya yi ta ciwo. Maƙwabciya ta ce za ta sangarta yarinya, Profira ta ce ta je ta ji da nata jikokin masu majina.

To ga Rodika ta zo, hutunta har ya zo ƙarshe, Ilinka kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Da an tsayar da ita sai ta naɗe ƙafafu, ta zauna daɓas, ta miƙa wa kakarta hannu. Gobe da safe motar Italiya za ta tashi. Profira ba ta faɗa wa kowa ba, amma tsoro ya cika mata ciki, gani take ita ce ta ɗaure ƙafar jikarta da hannunta.

Ranar ƙarshen suka tafi filin wasan yara da ke bakin tafki a Kishinau, babban birnin ƙasarsu, don Rodika ta daɗe da yi wa Sandu alkawari. La'asar ce sakaliya, iska ba zafi ba sanyi. Itatuwan bakin ruwa suna ta zubar da farin gashinsu mai kama da auduga, yana yawo a sama a hankali, ya sauka a kan mutane, ya sauka a kan ruwa. Lilon dawakan katako yana juyawa da wani tsohon kiɗa mai jan ƙafa, kiɗan da Profira za ta iya rantsewa shi ake sawa tun tana budurwa.

Sandu, mai shekara uku da bakin mutum goma, ya so hawa komai. Aka kai shi wajen ƙananan motocin da ke karo da juna, mai tsaron ƙofa ya tsayar da shi jikin sandar awo. Sandu ya yi ɗage har wuyansa ya miƙe.

"Malam direba, sauko da dugadugan nan," in ji mutumin. "Je ka ci abinci, ka dawo baɗi."

"Na ci ai! Kaka, gaya masa na ci!"

"Ka ci me? Kai da kake tsince kabeji daga miya kana ba kyanwa?"

Ya yi kuka na ɗan lokaci, aka rufe masa baki da alewar auduga, aka ɗora shi a ƙaramin jirgin ƙasa. Da jirgin ya doshi ramin duhu kuma sai ya ce a sauke shi, shi dama ba ya so. Daga nan ya koma sana'arsa ta tambaya: me ya sa dokin bai da ƙafa a ƙasa, me ya sa agwagwar ruwa, wato kwalekwalen tafkin, take da kujera a ciki, wa ya hura wa balan-balan iska.

Ita kuwa Ilinka duk wannan duniyar fitilu da kiɗa ba ta dame ta ba. An nuna mata doki mai fentin zinariya, ta juya tana kallon tattabara. An ɗora ta a cinyar uwarta a kan lilo, ta yi zagayen duka tana ƙoƙarin cire maɓallin rigar Rodika. Profira na tsaye a gefe tana kallonsu, su ɓace bayan madubai, su sake fitowa, su ɓace, su fito. A wani zagayen sai ta ga kamar ita ce zaune a kan dokin da 'yar jaririya mai jan kumatu a cinya, mijinta marigayi yana ɗaga musu hula. Da lilon ya sake juyowa sai ta ga Rodika ce, da furfurar da ta fara fito mata a gefen kunne.

Suka samu benci kusa da mai dafaffiyar masara. Rodika ta tsayar da Ilinka a kan ciyawa, ta ja da baya, ta durƙusa ta buɗe hannuwa.

"Zo, 'yar tsuntsuwata. Zo wajen Mama. Taku ɗaya kawai."

Ilinka ta dube ta da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙuwa mai kirki, sannan ta zauna daɓas.

"Ba komai," in ji Rodika tana kakkaɓe gwiwa. "Sai ki ɗauko mini a waya."

Ta yi dariyar nan kuma. Profira ta ji abin ya soke ta har ƙirji. Ta kama bakin hannun jar rigar ulun da ke jikinta, ta ciji zare ɗaya, ta fara warwara.

"Mama, me kike yi wa rigarki?"

"Riƙe mini yarinyar nan a tsaye."

Rodika ta ga zaren, ta gane. A ƙauyensu idan yaro ya yi nawar tafiya, sai a ce dabaibayi ne a ƙafarsa wanda ido ba ya gani. A ɗaura jan zare tsakanin idon sawunsa biyu, a sa wuƙa a datse.

"Haba Mama! A nan? A tsakiyar birni, gaban jama'a?"

"Jama'ar duk daga ƙauye suka zo, riga suka canja. Ke riƙe ta."

Profira ta nufi mai masara. Wata ƙatuwar mata ce mai ɗankwali, ta dubi zaren, ta dubi yarinyar, ta goge wuƙarta a jikin zani ta miƙa ba tare da tambaya ba.

"Uwar ce za ta yanka fa, Inna, ba ke ba," ta ce. "Kuma sai an samu mai tambaya, in ba haka ba aikin banza ne."

Profira ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta ɗaura zaren sako-sako a ƙafafun nan masu laushi. Ta karɓi yarinyar ta riƙe ta ƙarƙashin hammata, ta miƙa wa 'yarta wuƙar. Rodika ta waiga dama da hagu, kunya ta kama ta, amma ta durƙusa. Kafin wani babba ya buɗe baki sai ga Sandu da alewa har a gira.

"Mama, me kike yankawa?"

Mai masara ta tafa hannu. "Ga mai tambaya Allah ya kawo! Ba shi amsa, 'yar nan."

"Dabaibayin Ilinka nake yankawa," in ji Rodika.

Zaren ya rabu. Profira ta zare hannuwanta a hankali, ta ɓoye su a baya don kar su yi abin da suka saba.

Ilinka ta tsaya. Kiɗan lilo yana ta jan ƙafarsa, rana ta kwanta a kan tafki, ruwan ya yi ja. Wani farin gashin itace ya zo ya wuce ta gaban hancinta, ta bi shi da ido. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye. Ta ɗaga ɗayar. Rodika na durƙushe da hannuwa a buɗe, ga kaka a bayan Ilinka, amma yarinyar ta ratsa ta gefen uwarta ta wuce, tana tangaɗi, hannayenta a sama, guntayen jan zare na jan ƙasa. Farin abin nan take bi, ko waiwaye babu.

Rodika ta zabura za ta kamo ta. Profira ta riƙe mata hannu.

"Bar ta. Ciyawa ce, ko ta faɗi ba komai. Ki kalla, abin da kika zo gani ke nan."

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon ɗan bayan nan yana nisa. Hawaye na zuba a fuskar Rodika, ba ta share ba. Can ta ce, ba tare da ta ɗauke ido daga kan 'yarta ba:

"Mama, ni ma an yanke mini?"

"An yanke miki. A bakin rijiya, da wuƙar yanka kabeji."

"Wa ya yanka?"

Profira ta ƙara damƙe hannun 'yarta.

"Ni, da hannuna," ta ce. "Ga shi har yau ba ki tsaya ba."