Kaluluwar Dodo

"Danne masa ƙafa da kyau," in ji wanzami.

Tsoho Jika ya danne ƙafar Dodo. Dodo maƙwabcinsa ne tun kafin Nasara su shigo Damargu, amma yau ƙafar ba nauyi, sai ka ce kara. Tun kaka ciki ke cinsa, bayan gida da jini. Yanzu ga kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Likita yana can Damagaram. Ba wanda ya yi zancensa.

Ɗan Azumi wanzami ya tsaga, ya ciro ƙullutu kamar aduwa, ya sa a sakaina. Ya sake tura yatsa. Sai ya tsaya.

"Kallon me kake?" in ji Dodo, haƙora a cije. "Kwashe duka. Ruwa na tafe, gona ba ta shuka kanta."

Wanzami ya sa Hajjo matar Dodo ta danne wurin da tsumma, ya ja Jika bayan rumbu.

"Akwai wasu a jere, sun nufi ciki. Uwar ciwon tana can inda aska ba ta kai. In na bi su, jini zai ɗauke shi kafin la'asar."

"In ka bari fa?"

"Wataƙila ya ga ruwan farko."

Jika bai taɓa yi wa Dodo ƙarya ba, ko a kan iyakar gona da suka tsufa suna faɗa a kanta. Ya koma ya tsuguna gaban Dodo.

"An kwashe."

"Duka?"

"Duka. Ɗan wannan abu kake wa ihu kamar bunsuru."

Dodo ya yi dariya har ciwo ya tsayar da shi. "Hajjo, sauko da iri. In na makara wannan tsoho zai ci min iyaka."

Ta sauko da shi. Kullum Dodo yana kishingiɗe a rumfa yana murza zangarniyar gero cikin ƙwarya. Da fari yakan gama da yawa kafin azahar. Daga baya guda ɗaya ke wuni a hannunsa. Bai sake tambayar Jika ba.

Ranar da hadari ya taso daga gabas Dodo ya cika. Aka kai shi, aka dawo a jiƙe.

Washegari Jika ya tarar da ƙwaryar a rumfa, ko rabi ba ta kai ba. Ya ɗauka, ya saɓa sungumin shuka. A iyaka ya tsaya kaɗan, sannan ya taka zuwa cikin gonar Dodo. Ƙasa na da laushi.