Gyaran da Mai Taya Ya Yi wa Babi na Biyu

Mai Taya bai taɓa zama a aji ba, kuma duk wanda ya tsaya a bakin shagonsa sai ya ji hakan kafin a gama ɗaure masa taya. Gobara ta cinye shagon ƙurmus, ya sake tayar da shi. Motar kaya ta bi ta kan ƙafarsa, likita ya ce sai an yanke, ya ce wa likitan ya je ya yanke tasa. Waɗanda suka fara sana'ar tare da shi duk sun zama labari, shi kuwa yana nan daram a kan bencinsa.

Abu ɗaya ya fi shagon a wurinsa, wato autarsa. Tana koyarwa a wata kwaleji, tana kuma karatun digiri na uku a fannin kasuwanci. Sai dai karatun ya cije a babi na biyu na kundinta, inda ake bitar abin da masana suka riga suka rubuta. Farfesan da ke duba aikin ya yi ta dawo mata da shi. Jami'a ta ce wa'adinta ya zo ƙarshe, in babin bai wuce a wannan karon ba za a cire sunanta. Kwalejin kuma ta ce in babu digirin, to babu aikin.

Wata rana da la'asar ta biyo ta shagon, ta zauna a kan tsohuwar taya da takardu a cinya, duk sun sha jan biro.

"Me mutumin nan ya ce kuma, Auta?"

"Wai jera mutane kawai na yi, Baba. Wane ya ce, wane ya ce, kamar mai kiran suna a asibiti. So yake in haɗa su faɗa."

"Faɗa kuma?"

"In nuna inda wannan ya ƙaryata wancan, da inda bakinsu ya zo ɗaya, sai kuma wurin da duk cikinsu babu wanda ya leƙa. To nan ne gurbina."

"Ashe abin mai sauƙi ne! Da ni kika tambaya tun farko. Ni da na haɗa dillalai faɗa har suka manta da abin da ya kawo su."

Ta yi dariya, ta koma gida ta duƙufa. Ta rame, idanunta suka faɗa, amma ta gano bakin zaren. Da Farfesa ya karanta sabon, sai ya ajiye biro ya ce, "Yanzu kika fara rubutu. Je ki buga ki miƙa."

Ana gobe ranar miƙawa ciwon ciki ya kayar da ita, aka yi mata aiki. Mijinta ya yi tafiya. Daga kan gadon asibiti ta miƙa wa ubanta filash ɗin kwamfuta mai ɗauke da aikin, da shafin farko da ta riga ta sa wa hannu.

"A buga, a ɗinke, a kai ofishin sashenmu kafin a tashi. Don Allah, Baba, kada a taɓa komai."

"Ni za ki koya wa aike?"

Shagon buga takardun ɗan ƙarami ne, sai zafin injin da warin gam. Mai shagon, wata mata mai tabarau, ta buɗe aikin. Mai Taya ya ja kujera ya ce ta karanta masa kaɗan, ya ji abin da 'yarsa ta haɗa. Ta fara. Maganar tana tafiya sumul, amma kowace jimla ta zo ƙarshe sai matar ta yi tuntuɓe da sunayen baƙi da shekaru.

"Dakata. Su waye waɗannan da ke tsoma baki?"

"Masu maganar ne, Baba. Ta nuna inda ta samo."

Sai da ya dafe ƙeya. A duk tsawon rayuwarsa bai taɓa gaya wa mai saye wurin da yake saro kaya ba. Ko matarsa ta mutu ba ta sani ba. Wanda ya faɗi inda ya saro ai ya miƙa wa mai saye kasuwarsa ne. Ga shi yarinyar nan ta tona wa kanta asiri a kowane layi. Shi ya sa Farfesan nan yake raina ta!

"Goge su."

"Baba, ɗalibai ba sa cire wannan."

"Ni na yi miki kama da ɗalibi? 'Yarki ce ko tawa? Ita za a ba digirin ko waɗannan da ba mu san iyayensu ba?"

Matar ta yi ta magiya, ya yi ta buga sanda a ƙasa, har ta gaji ta bi ta goge. Shafukan ƙarshe, inda aka jero littattafan, ya ce a zare su gaba ɗaya. Ya kai wa sakataren sashe da hannunsa, ya fito yana taƙama.

Auta ba ta gama miƙewa da kyau ba aka kira ta gaban kwamiti, kan zargin satar rubutu. Ta karɓo kwafi ta buɗe a tsakar gida, ta yi ta juya shafi.

"Baba, ina sunayen?"

"Na rufa miki asiri."

Ta rufe kwafin. Sannan ta ce a hankali, "Gobe ka zauna a gida. Na ainihin yana cikin kwamfutata, Farfesa ma ya gani. Zan ce kuskure aka samu wajen bugawa."

Kalmar nan ta kuskure ita ce ta tsaya masa a wuya.

Washegari a ɗakin taron, abin ya fara sassautawa. Farfesa ya shaida cewa ya karanta babin da sunayensa cif. Shugabar kwamitin ta duba kwamfutar, ta gyaɗa kai, har ta fara cewa wataƙila a bar ta ta sake bugawa. Sai ƙofa ta buɗe, sanda ta fara shigowa.

"Ranku ya daɗe, ni ne ubanta. Na ji ana cewa kuskure. Babu wani kuskure, ni na gyara shi."

"Baba, don girman Allah..."

"Yi shiru, manya na magana. Ku tambaye ta, da ta rasa yadda za ta haɗa mutanen nan faɗa, wurin wa ta zo? A shagona muka zauna. Rabin abin da ke cikin littafin nan daga bakina ya fito, ni da ban taɓa riƙe biro ba!"

Ɗakin ya yi tsit. Farfesa ya cire tabarau ya rufe fuska da tafin hannu. Shugabar ta buɗe shafin farko ta juya wa Auta shi.

"Malama, wannan sa hannunki ne, cewa aikin naki ne ke kaɗai, babu hannun kowa a ciki?"

"Nawa ne."

"Wannan kuma mahaifinki ne? Shi kika ba aikin?"

Auta ta dubi tsohon. Yana tsaye ƙirji a buɗe, yana jiran ta tabbatar. Ba za ta iya ƙaryata shi a gaban mutane ba.

"Shi ne," in ji ta.

Aka ce su jira a waje. Ta jingina da bango tana dafe da wurin ɗinkin.

"Kin ga yadda na rufe musu baki?" in ji Mai Taya. "Duk karatunsu, ko tari babu wanda ya yi."

Ba a jima ba sakataren ya fito, idonsa a ƙasa, ya ce an umarce shi ya karɓi katinta na ɗaliba. Ta ciro shi daga wuya ta miƙa masa.

"Sabo za su ba ki?"

"Mu tafi gida, Baba."